Daga Gatarin Aradu Zuwa Ganuwa: Noma, Ƙira da Kafuwar Garuruwa a Yammacin Katsina

1.0 Gabatarwa

Galibin littattafan tarihin da ake karantarwa a makarantun ƙasar Hausa sukan fara labarin Katsina daga Kumayau jikan Bayajida, su bi jerin sarakunan Durɓawa har zuwa kan Sanau, sa'an nan su shiga zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Ɗalibin da ya tashi da wannan tsari yakan ɗauka cewa ranar da aka naɗa sarki na farko ita ce ranar da tarihi ya soma. Amma sarauta ba ta tsayuwa sai da talakawa, talakawa ba sa zama wuri guda sai da rumbu, rumbu kuwa ba ya cika sai an sare daji an kafta ƙasa. Ashe ke nan kafin a kai ga zancen sarki akwai tambayoyin da suka riga shi: yaushe mutum ya fara shuka, yaushe ya fara fid da ƙarfe daga tama, kuma ta yaya ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni?

Wannan maƙala ta ɗauki ƙasashen Batsari da Safana, watau gefen Katsina na yamma wanda ya jingina da Dajin Rugu, domin duba waɗannan tambayoyi. Dalilin zaɓen wurin shi ne, a yau da an ambaci Rugu sai tunanin mutane ya tafi ga ƙungurmin dajin da ba a taɓa zama a cikinsa ba. Hujjojin tarihi kuwa suna nuna cewa wani sashe na wannan daji garuruwa ne da gonaki a da, yaƙi ya tashe su, itatuwa suka rufe kufansu. Saboda haka yankin ya dace da nazarin abubuwan da ke kafa gari da kuma abubuwan da ke tashinsa.

2.0 Yanayin Ƙasar

Batsari da Safana suna kan tsohon dutsen da ya shimfiɗu ƙarƙashin tsakiyar ƙasar Hausa, wanda yakan ɓullo nan da can ya zama manyan duwatsu da fanni da koguna. Yamma da su akwai ƙasar Zamfara, arewa Jibiya, gabas kuma Kurfi da Dutsin Ma. Ƙoramun yankin suna gangarawa zuwa Bunsuru, shi kuma ya kai ruwansa Gulbin Rima. Tsakanin duwatsun akwai jigawa mai sauƙin kaftu, da fadamu masu riƙe laima har cikin rani, da marmara wadda a cikinta ake samun tama.

Waɗannan abubuwa huɗu, watau dutse da ruwa da ƙasar noma da tama, su ne ake tararwa a kusan duk inda tsohon mazauni ya kafu a ƙasar Hausa. Gindin dutse yakan tara ruwa, ƙasar da ta zaizayo daga jikinsa takan yi albarka, kansa kuma mafaka ne ranar da mahara suka zo. Haka abin yake a Dala ta Kano, da Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, da Kwatarkwashi a Zamfara. Tsohon garin Ruma, wanda har hakimin Batsari yake riƙe da sarautar Sarkin Ruma saboda shi, a cikin duwatsu yake zaune bisa wannan tsari.

Sai dai yanayin bai tsaya yadda yake ba tun fil azal. A 1958 masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya bayyana cewa jigayin da ke arewacin Katsina da Kano tsofaffin tuddan rairayi ne, waɗanda iska ta tara a wani zamanin fari da hamada ta gangaro kudu ƙwarai. Bayan wannan sai aka shiga zamanin ruwa, daga wajen shekara 11,000 zuwa shekara 5,000 da suka wuce, lokacin da Sahara ta yi ciyawa da tafkuna, Tafkin Chadi kuma ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a ƙasar da ke cikin Jihar Yobe a yau, shaida ce ta wannan zamani: tsawonsa ya ɗara mita 8, shekarunsa kuma wajen 8,000. Da ruwa ya sake ja da baya, sai mutane da dabbobinsu suka yi ta gangarowa kudu. Duk wani bayani game da mafarin noma a yammacin Katsina tilas ya yi la'akari da wannan kai-da-komo na damina.

3.0 Zamanin Dutse da Gatarin Aradu

A ko'ina cikin ƙasar Hausa manomi yakan tono wani ɗan dutse mai santsi, mai kaifi a baki ɗaya, wanda ake kira gatarin aradu. Imanin jama'a shi ne tsawa ce take jefo shi daga sama, shi ya sa ake adana shi domin magani ko tsari. Yarabawa ma suna danganta irinsa da Shango, mutanen Turai kuma sun daɗe suna ɗaukarsa a kan jifan tsawa kafin su gane gaskiyarsa. Gaskiyar kuwa ita ce, gatari ne da ɗan Adam ya sassaƙa ya wasa da hannunsa, ya ɗaura masa ƙota, ya sari itace da shi tun ba a san ƙarfe ba. Sunan da Bahaushe ya ba shi yana nuna nisan zamanin, domin har an manta cewa aikin mutum ne.

Raba tarihin farko zuwa zamanin dutse da na tagulla da na ƙarfe ya samo asali ne daga Christian Thomsen na ƙasar Danmak, wanda ya wallafa tsarin a 1836 bisa kayayyakin da ke gidan tarihinsu. Tsarin ya dace da Turai da Gabas ta Tsakiya, amma bai zauna daidai a Afirka ta Yamma ba. In ban da wurare kaɗan da aka narka jan ƙarfe, kamar Akjujt a Muritaniya da kewayen Agadas, yawancin yankin daga dutse ya wuce kai tsaye zuwa baƙin ƙarfe. Har ila yau, a Gabas ta Tsakiya noman alkama da sha'ir, wanda ya soma wajen shekara 11,000 da suka wuce, ya riga ginin tukwane. A nan kuwa tukunya ce ta riga gona da dubban shekaru: a Unjugu ta ƙasar Mali an sami tsingaron da ya kai shekara 11,000, tun mutane suna tsintar tsabar ciyayin daji suna dafawa. Kiwon shanu ma ya riga shuka a Sahara. Malamin da ya ɗauko jerin zamunan Turai ya ɗora wa ƙasar Katsina yadda suke, zai koyar da abin da ƙasa ba ta tabbatar ba.

Bahaushe yana yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki. A ma'aunin tarihi kuwa farauta da su da tsintar 'ya'yan itace sun girme shi nesa ba kusa ba. Ragowar wannan tsohuwar rayuwa ba ta ɓace ba a ƙauyukan bakin daji: kaɗanya da ɗorawa da kuka da ɗinya da kanya, waɗanda manomi yake bari a tsaye sa'ad da yake sharar gona, abinci ne da aka sani tun kafin a san iri.

4.0 Mafarin Noma

Gero shi ne hatsin da ya kafa zaman Sudan ta Tsakiya. Binciken kufai ya nuna cewa an mai da shi amfanin gona a kudancin Sahara ta yamma, kuma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an sami alamunsa a jikin tukwanen da suka kai wajen shekara ta 2500 kafin Miladiyya. Ana gane geron gida da na daji ta wajen zangarniya: na daji yakan zubar da tsabarsa da kansa in ya nuna, na gida kuwa yakan riƙe ta sai an girbe an sussuka. Wannan bambanci ya samu ne saboda shekara da shekaru mutane suna zaɓen zangarniyar da ba ta zuba su ajiye ta iri. Dawa kuwa daga gabas ta fito, domin mafi tsufan shaidarta an same ta ne a gabashin ƙasar Sudan, wajen shekara ta 3000 kafin Miladiyya.

A cikin Nijeriya akwai wurare biyu da suka ba da tabbataccen lokaci. Na farko shi ne Gajiganna a Barno, inda makiyaya suka zauna daga wajen 1800 kafin Miladiyya, daga baya kuma geron gida ya bayyana a cikin kayansu. Na biyu shi ne ƙasar Nok a kudancin Kaduna, inda aikin da masu bincike na Jami'ar Frankfurt suka fara a 2005 tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ya nuna cewa manoman gero da wake sun zauna can tun wajen 1500 kafin Miladiyya. Abin lura a nan shi ne, gero ɗan sahel ne, Nok kuwa tana kudu da Katsina da nisa. Hatsin da ya taso daga bakin hamada ya isa Nok shekara 3,500 da suka wuce, hankali ya fi karkata ga cewa ya ratsa ta filayen da ke tsakani, ƙasar Katsina da Zamfara kuwa a tsakanin suke. Wannan ƙiyasi ne, amma ƙiyasi mai tushe.

Harshe ma yana da abin da zai ce. Sunayen gero da maiwa da dawa da wake sun saje da jikin Hausa, sun haifi kalmomi masu yawa na sassan tsiro da matakan aiki: zangarniya, ƙaiƙayi, dami, sussuka, shiƙa, surfe. Masara kuwa sunanta ya tona asirinta, domin yana nuni ga Masar, hanyar da ake jin ta biyo bayan an kawo ta daga Amurka a ƙarni na 16. Rogo da gyaɗa da dankali su ma baƙi ne daga can. Wanda ya tsaya a kasuwar Batsari ko ta Runka da kaka, ya dubi buhunan da aka jera, yana kallon amfanin gona na zamuna daban daban ne, wani ya shekara dubbai a ƙasar, wani bai cika ɗari biyar ba.

Noma ya sauya zaman mutane ta hanyar rumbu. Damina a wannan yanki wata huɗu ce zuwa biyar, abin da aka girbe kuma shi za a ci har wata kakar. Wanda ya tara hatsi ba ya iya yin nisa da shi, kuma tilas ya tsare shi. Daga nan gandu ya samo ƙarfinsa, watau gida guda mai gona guda ƙarƙashin maigida, daga nan kuma aka sami muƙamai irin su sarkin noma. Guy Nicolas, wanda ya yi nazarin Hausawan kwarin Maraɗi, ya bayyana bikin dubu, inda manomin da ya tara dami dubu yake rabar da dukiyarsa ga jama'a ya karɓi wannan suna. A irin wannan al'ada ana iya hango yadda rarar hatsi take juyewa ta zama girma da iko tun ba a kai ga fada ba.

5.0 Tama da Ƙira

Gatarin dutse yana sare itace, amma a hankali. Ƙarfe ne ya ba manomi damar faɗaɗa gona, ya shiga ƙasa mai tauri, ya haƙa rijiya mai zurfi. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono tanderun narkar da tama a shekarun 1960, awon kabon kuma ya nuna sun kai wajen shekara 2,500. Har yanzu masana suna muhawara a kan ko wannan sani ya ƙetaro Sahara ne daga arewa, ko kuwa a nan aka gano shi, musamman saboda tsofaffin shekarun da aka samu a Termit ta Jamhuriyar Nijar, waɗanda wasu suka karɓa wasu suka yi tababa. Abin da babu gardama a kansa shi ne, mutanen tsakiyar Nijeriya suna narka tama fiye da shekara dubu kafin Musulunci ya iso Sudan.

A cikin ƙasar Hausa kanta, aikin da J. E. G. Sutton ya jagoranta a yammacin Samaru ta Zariya a shekarun 1970 ya fito da tanderu da tarin kashin maƙera na cikin shekaru dubu na farko na Miladiyya. A Dutsen Dala ma an sami shaidar narkar da tama ta wajen ƙarni na 7. Wannan ya yi daidai da abin da Abagayawa suke faɗa, cewa kakansu maƙeri ne da ya taso daga Gaya neman tama ya zauna a gindin Dala. A nan ruwayar baka da awon kimiyya sun haɗu a kan magana guda: maƙeri ya riga sarki isa wurin.

Ya kamata a bambanta sana'o'i biyu da ake yawan haɗawa. Akwai mai narka tama, wanda aikinsa a daji yake da rani, akwai kuma maƙerin da ke zaune a gari yana sarrafa ƙarfen. Mai narkarwa yakan haƙo tama ya farfasa ta, ya gina tanderu da yumɓu da jan ƙasa, ya jera gawayi da tama hawa hawa, ya kunna wuta, iska tana shiga ta bututun yumɓu da aka dasa a gindi. Ƙarfen ba ya zama ruwa. Abin da ke faruwa shi ne gawayin yana janye iskar da ke haɗe da ƙarfen a cikin tama, dattin ya narke ya gangara, a bar curin ƙarfe mai soso. Wannan curi shi maƙeri yake mayarwa wuta, ya zuga da zugazugi, ya kama da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta duka da masaba har sauran dattin ya fita. Daga nan ake samun hauya da galma da magirbi da lauje da gatari, da kuma mashi da kan kibiya. Nicole Echard ta ɗauki wannan aiki a fim a wajen Hausawan Adar a shekarun 1960, ta kuma nuna yadda masu sana'ar suke ɗaukar tanderu tamkar amarya, fitar ƙarfe kuma tamkar haihuwa, da sharuɗɗa da hane-hanen da ke tattare da haka.

Narkar da tama tana cin gawayi ƙwarai, gawayin kuma ba na kowane itace ba, an fi son na ƙirya saboda ƙarfin wutarsa. Saboda haka sana'ar ba ta zama sai inda marmara mai tama ta haɗu da daji mai itace. Wannan sharaɗi yana bayyana darajar ƙasa irin ta bakin Rugu ga tsohuwar daular Katsina: arewacin ƙasar jigawa ce mai ƙarancin itace, yamma da kudu kuwa suna da dutse da daji. Sana'ar ta mutu a ƙarni na 20, bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 da Ƙauran Namoda a 1929, ƙarfen Turai da tarkacen mota suka yi araha, maƙera suka koma saye maimakon haƙa. Kashin maƙera kuwa ba ya ruɓewa. Duk inda aka narka tama yana nan a ƙasa, kuma gawayin da ya maƙale a cikinsa yana iya ba da shekarun aikin.

6.0 Daga Ƙauye Zuwa Birni

Gordon Childe, a wata maƙala ta 1950, ya jera alamomin da yake ganin da su ake gane birni, ciki har da rubutu da manyan gine-gine da masu sana'ar da ba sa noma. Ya gina ra'ayinsa ne a kan birane irin su Uruk ta ƙasar Iraƙi, wadda ta bunƙasa kafin shekara ta 3000 kafin Miladiyya. Afirka ta Yamma ta nuna cewa hanyar ba guda ba ce. Jenne-jeno ta Mali, wadda Roderick da Susan McIntosh suka fara tonawa a 1977, an kafa ta wajen 250 kafin Miladiyya, ta kuma zama babban gari mai unguwannin masu sana'a tun kafin fataken Larabawa su yi ƙarfi, ba tare da rubutu ko wata fada da ta fito fili ba. Zilum ta Barno, mai faɗin wajen hekta 12, an kewaye ta da gwalalo tun tsakanin 600 da 400 kafin Miladiyya, an kuma sami manyan randunan ajiya a cikinta. Watau tara hatsi da tsare shi su ne suka fara jawo shinge.

Game da ƙasar Hausa, Abdullahi Smith ya kawo bayani a 1970 wanda har yanzu ake komawa gare shi. A ganinsa an fara ne da ƙauyuka na dangi, kowanne ƙarƙashin maigida. Inda ƙasa ta yi kyau, ko tama ta samu, ko wani dutse ya yi suna da iskoki, sai baƙi su taru, a sami gari wanda zumunta kaɗai ba ta isa ta riƙe shi ba, sai an yi mai gari. Garin da ya rinjayi maƙwabtansa, ya ja ganuwa mai faɗin da za ta ɗauki gonaki da mutanen karkara ranar yaƙi, shi ne birni, mai shi kuma sarki. Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a littafinsa na 1981 kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, inda ya nuna cewa daular ta haɗu ne daga tsofaffin cibiyoyi masu yawa, irin su Durɓi ta Kusheyi da 'Yanɗoto da Kwatarkwashi da Gozaki, kowace da tarihinta kafin Birnin Katsina ya shafe su.

Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, ita ce ta fi ba da shaida a fili. H. R. Palmer ya tona wasu daga tuddanta a 1907, aka sake tona wasu a 1992. An sami manyan mutane da aka binne da tasoshin tagulla da kayan zinariya da wuri da awarwaron hauren giwa, na tsakanin ƙarshen ƙarni na 13 da ƙarni na 16. Wuri daga tekun Indiya yake fitowa, saboda haka masu wannan kushewa suna da hannu a fatauci mai nisa. Amma fatake ba sa sauka inda babu abinci da abin saye. Dukiyar Durɓi tana bisa wuyan manoma da maƙeran da ba a binne su da komai ba.

Akwai saɓani game da harshen waɗannan mutanen farko. Smith ya karkata ga cewa kakannin Hausawa sun gangaro ne daga arewa sa'ad da Sahara take bushewa. Sutton kuwa, a 1979, ya kawo hujjar cewa Hausa ta yaɗu ne daga gabas, wajen Haɗeja da Daura da Kano, inda 'yan'uwanta na dangin Chadi suka fi kusa, ta yi ta cin ƙasa zuwa yamma cikin shekaru dubu da suka wuce. In haka ne, manoman farko na bakin Rugu ba lalle ne Hausa suke yi ba, zama Bahaushe abu ne da ya same su a hankali. Joseph Greenberg ma, a 1960, ya kawo ra'ayin cewa kalmomi irin su birni da kasuwa daga Barebari Hausa ta aro su. Ko da an karɓi wannan, aron suna bai nuna aron abin ba, domin ganuwa aikin gayya ce ta mutanen da suka riga suka taru.

Sunayen wurare a Batsari da Safana suna ɗauke da irin wannan hawa hawa. Ɓaure da Babban Duhu suna nuni ga itace da sarƙaƙiyar da aka tarar. Kandawa da Manawa, masu ɗafin -awa, suna nuni ga jama'ar da ta zo ta zauna a ƙungiya. Mallamawa da Alhazawa kuwa ba za su girmi zuwan Musulunci ba. Tattara waɗannan sunaye da tantance su aiki ne da masanin harshe zai iya yi wa masanin tarihi.

7.0 Yadda Gari Ya Koma Daji

Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna ta koma arewa ta kafa Maraɗi, ta haɗa kai da Gobirawan Tsibiri. Yammacin Katsina ya zama fagen da rundunonin ɓangarorin biyu suke ratsawa. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda ya yi sarauta daga 1836 zuwa 1844, aka yi tawayen da ake dangantawa da Ɗan Mari, garuruwa da yawa na wannan gefe suka goyi bayansa. Da aka murƙushe tawayen sai aka rushe garuruwan, mutanensu suka watse, wasu zuwa Maraɗi, wasu cikin garuruwa masu ganuwa da suka saura.

Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta nan a watan Maris na 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa wajen Sarkin Musulmi. Ya ratsa ta Kuraye da Kurfi ya sauka Zakka, wadda take cikin ƙasar Safana a yau, daga nan ayarinsu ya kutsa daji cikin sauri da tsoron mahara har ya fita wajen Zurmi. A cikin dajin ya wuce kufan garuruwan da yaƙi ya tashe. Shekara tara kacal ke nan bayan zamanin Siddiku. A ƙasa mai irin wannan damina, gonar da aka bari ba ta daɗewa sabara da geza suke rufe ta, bayan ƙarni guda kuwa sai wanda ya san alama, kamar kukoki a jere ko tudun ganuwa ko tsingaro, zai gane an taɓa zama a wurin.

Da Turawa suka zo sun tarar da daji, suka kuma yi masa doka a matsayin daji. Manoma sun sake komowa gefensa a ƙarni na 20, a shekarun 1960 kuma aka keɓe wani sashe a wajen Runka domin makiyaya. Daga baya, musamman a 2019 da 2020, hare-haren 'yan bindiga sun sake tashin ƙauyuka masu yawa a Batsari da Safana, mutane suka bar gonaki da rumbuna suka nufi Batsari da Dutsin Ma da Birnin Katsina. Dalilan wannan zamani dabam suke da na ƙarni na 19, amma sakamakon a kan ƙasa iri ɗaya ne.

8.0 Kammalawa

Abin da bayanan da suka gabata suka nuna shi ne, zaman gari a yammacin Katsina ya tsaya ne a kan hatsin da za a iya ajiyewa, da ƙarfen da za a noma shi, da amincin da zai bar manomi ya kwana kusa da rumbunsa. Biyun farko an same su tun dubban shekaru kafin a rubuta sunan sarki ko ɗaya. Na ukun shi ne mai zuwa yana tafiya, kuma duk lokacin da ya tafi daji yakan karɓi abin da gatari ya ƙwace masa.

Shaidun wannan dogon tarihi suna cikin haɗari. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tona kufai da fitar da kayan tarihi ba da izini ba, duk da haka a shekara ta 2000 sai da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa mutum-mutumin yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ɓarayi suka fi wawashewa. Abin da aka tono a ɓoye aka sayar ya rabu da ƙasar da za ta faɗi shekarunsa, ya zama ado kawai. Tsofaffin da suka ga narkar da tama da idonsu sun kusa ƙarewa, waɗanda suka ji daga bakinsu kuma gudun hijira yana raba su da wuraren da labarin ya shafa.

Akwai aikin da ba ya jiran kuɗi mai yawa ko izinin haƙa. Malamin makaranta a Ruma ko Wagini ko Zakka yana iya sa ɗalibansa su rubuto sunayen kufai da rijiyoyi da duwatsun garinsu, da inda ake ganin kashin maƙera, da abin da dattawa suke faɗa a kansu. Ɗalibin babban digiri a sashen Hausa yana iya zama da maƙera ya tattara kalmomin tama da tanderu a karin harshen Katsinanci kafin su bi sana'ar. Ranar da masu binciken kufai za su sami shiga Rugu da kayan awonsu, irin wannan rubutu ne zai nuna musu inda za su fara sa diga.